Tumbin Jika da Ƙwanjin Kawu: Tarihin Ci da Motsa Jiki a Ƙasar Zurmi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwan da ƙarancin data ko rashin sabis ya hana su saurare. Yau ma tarihi za mu taɓa kamar kullum, sai dai ba na sarauta ko na yaƙi ba. Tarihin jiki ne, nawa da naka da na kakanninmu.

Bari in fara da abin da ya same ni. Babbar Sallar da ta wuce na je gida Dauran, cikin ƙaramar hukumar Zurmi, kan hanyar da ta taso daga Ƙaura Namoda. Na yi shekara biyu rabona da garin. Ina shiga tsakar gida kakata ta hango ni, ta ce, "Lale da maigida! Kai, birni ta karɓe ka. Ku zo ku ga wuyan mijina, ku ga tumbi. Yanzu kam ka isa a ce maka Alhaji." Aka yi ta dariya. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi har cikin raina.

Washegari aka kawo buhunan gero a amalanke. Kawuna, wanda ya ba shekara 60 baya, siriri kamar sillen kara, ya duƙa aka ɗora masa buhu a baya, ya shige da shi ɗaki, ya dawo ya ɗauki na biyu. Na ce, "Kawu, bari in kama maka." Wallahi taku goma ban yi ba na dire shi. Numfashi yana fita da ƙyar, idona yana ganin duhu-duhu. Kawu bai yi dariya ba, ya ce kawai, "Bar shi ɗana, je ka zauna inuwa." Wannan maganar ta fi mini zagi ciwo.

Da na koma bakin aiki na je asibiti aka auna ni. Kilo 96, jini ya hau, sukari yana bakin iyaka. Ban cika shekara 35 ba.

Daga nan na fara tambayar kaina, me ya raba jikina da na Kawu? Duk wanda ka tambaya zai ce maka, "Ai mutanen da suna aiki ne, ku kuwa kuna zaune." Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Da na bi tarihin, na kuma duba abin da masu bincike suka gano, sai na ga abu biyu muke haɗawa wuri ɗaya alhali kowanne da hanyarsa. Ƙarfin Kawu daga aiki ya zo. Rashin tumbinsa kuwa, mafi yawansa daga tukunya ya zo. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da aikin. In ka duba rayuwar ƙasarmu kafin zuwan mota, za ka ga jiki yana shan wahala iri uku.

Ta farko tafiyar ƙasa. Duk mai son cin kasuwa, ko ta Dauran ko ta Shinkafi, da ƙafarsa zai je, kaya a ka ko a bayan jaki. Zurmi tana kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Sakkwato da Katsina da Kano. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ratsa ta a 1824, Bajamushe Heinrich Barth shi ma ya biyo ta a 1853. Abin da matafiya suka fi tsoro a wannan hanya shi ne dajin Gundumi, tsakanin ƙasar Zamfara da Sakkwato: ba ruwa, ba gari, ga fargabar mahara. Ayarin da Barth ya bi sai da suka yi yini da kwana suna tafiya ba su yada zango ba. Shi dai yana kan doki, amma masu kora jakai da 'yan alaro a ƙasa suke. Ga kuma fataken goro masu zuwa Gwanja, cikin ƙasar Ghana ta yau, waɗanda kan yi watanni a hanya.

Ta biyu aikin ƙarfi. Sharar gona, shuka, noman farko, maimai, girbi, ɗaure dammuna, a ɗauko su a ka a zuba a rumbu. Kuma kar mu manta da iyayenmu mata, don sau da yawa in ana maganar ƙarfin mutanen da, maza kawai ake tunawa. Kafin gero ya zama fura sai an yi sussuka, an sheƙe, an surfa, an wanke, an daka, an tankaɗe, an dafa, an kirɓa. Ga niƙa a dutse, ga jan guga a rijiya, ga itace. Duk saurayin da yake ganin shi ƙaƙƙarfa ne, ya karɓi taɓarya ya yi surfe na minti goma, zai dawo ya ba mu labari.

Ta uku wasannin maza: dambe, kokawa, langa ga yara, farauta da rani. Wannan aiki ne na ɗan lokaci amma mai zafi, mutum ya zuba duk ƙarfinsa cikin 'yan mintoci, ya huta, ya sake. Clapperton ɗin nan ya kalli dambe a Kano a 1824, kuma ya rubuta cewa mahauta ne suka fito fage. Mu nan yamma ba a ba mu labarin dambe, ƙasar su Shago da Ɗandunawa ce, waɗanda Ɗan Anace ya sa sunansu ya zaga ko'ina. Amma ku lura da abu ɗaya. Yaushe ake dambe da kokawa? Da kaka, bayan an yi girbi, rumbu ya cika, kowa ya ƙoshi. Ba wanda yake ɗaure hannu da kara a tsakiyar damina. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wannan ya kawo mu ga tukunya. Me mutanen da suke ci?

Gero, sai gero, sai dawa da maiwa. Da safe kunu ko ɗumame, da rana fura da nono, da dare tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa, da daddawa. Wake in ya samu. Ganye da damina: tafasa, rama, zogale. Nama ba na kullum ba ne, sai ranar kasuwa, ko suna, ko Sallah. Mai ɗan kaɗan ne, man shanu ko man gyaɗa, ana ɗiga shi ne ba kwararawa ba. Zaƙi kuwa sai zuma, rake, mazarƙwaila ko dabino, su ma ba kullum ba. Shinkafa a gidaje da yawa abincin biki ce, in ka cire mutanen fadama.

Kuma ko wannan ɗin ba ya kai shekara daidai. Kowane ɗan manomi ya san watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, kuma a lokacin ne aikin gona ya fi tsanani. Aiki ya ƙaru, abinci ya ragu. A ƙasar Gambiya, wadda damina da noman hatsinta suka yi kama da namu, likitocin Ingila sun daɗe suna auna mutanen wani ƙauye mai suna Keneba, tun wajajen 1950. Abin da suka riƙa gani shekara bayan shekara shi ne manya suna zubar da kilo da dama a damina, su mayar bayan girbi. Ka ga ke nan jikin manomi yana hawa yana sauka tare da rumbunsa. Kitsen da ya tara da kaka, damina ta karɓe abinta.

Wannan a shekarar lafiya ke nan. Akwai shekarun da abin ya wuce haka. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ci rayuka masu yawa a ƙasar Hausa. Ta 1942 mutanen Katsina suna kiranta 'Yar Gusau, saboda nan wajenmu aka riƙa tahowa neman hatsi. Sai farin 1972 zuwa 1974, wanda iyayenmu da yawa suka gani da idonsu. Wani masani mai suna Michael Watts ya yi littafi guda a kan yunwar Arewa a 1983.

To yanzu ku koma ga maganar kakata. Matar da ta ga farin 1973 tana goyo, ta ga ana tafasa ganye ana ba yara su kwana, in ta ga jikanta da wuya da tumbi me za ta gani? Shaida ce cewa yunwa ba ta shiga gidansa ba. Shi ya sa a harshenmu "ya yi kyau" da "ya yi ƙiba" suke tafiya tare, "ya rame" kuma tambayar da ke biyo baya ita ce, "Lafiya?" Kakata ba ta yi kuskure ba. Da ma'aunin zamaninta ta auna ni, zamanin ne ya canza.

Ta yaya ya canza? Ba dare ɗaya ba. A 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau, nan kuma ya tsaya. Gyaɗa da auduga suka riƙa fita, gishiri da kananzir da sukari suka riƙa shigowa. Kayan da a da sai ɗan alaro ya ɗauka a ka, jirgi ya karɓa, daga baya manyan motoci. A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya shigo Najeriya, aka yi ta shigo da shinkafa da alkama daga waje, burodi ya zama na kowa, mai shayi ya kafa teburi a kowace tasha. Lemon kwalba ya isa ƙauye. A 1988 Indomie ta shigo Najeriya, yau kuwa ba garin da ba a soya ta da ƙwai da daddare. A ɗaya ɓangaren injin niƙa ya kashe dutsen niƙa, injin surfe yana korar turmi, rijiyar burtsatse ta rage jan guga. Sai mashin, musamman da na China da Indiya masu sauƙin kuɗi suka cika gari. Yanzu saurayi zai hau mashin ya je masallacin da yake jin kiran sallarsa daga ɗaki.

Kar ku fahimce ni a karkace. Ba ina cewa mu mayar da iyayenmu mata kan dutsen niƙa ba, Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro inji. Abin da nake nunawa shi ne cikin shekara 100 ƙofa biyu suka buɗe lokaci guda: motsi ya fita, mai da sukari da fulawa suka shigo. Sai kuma rashin tsaro na shekarun nan ya ƙara nasa. Gonakin nesa sun gagara, mutane sun baro ƙauyuka sun taru a gari, har a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci. Matashin da ubansa ya yi noma ya yi kokawa, shi yanzu yana zaune a majalisa da waya a hannu, ba don lalaci ba, don ba inda zai je.

To cikin ƙofofin nan biyu, wacce ta kawo tumbi? Nan ne binciken ya ba ni mamaki.

Wajen 2008 masu bincike daga Jami'ar Loyola ta Amurka, tare da abokan aikinsu na Najeriya, sun kwatanta mata na karkarar kudu maso yammacin Najeriya da mata baƙaƙen fata na yankin Chicago. Matan Amurka sun fi nauyi nesa ba kusa ba, wajen kilo 83 a matsakaici, namu kuma wajen kilo 58. Kowa ya zaci za a ga namu suna ƙona abinci fiye da na can saboda aiki. Da aka auna, aka yi la'akari da girman jiki, sai ga shi bambancin bai taka kara ya karya ba. Inda bambancin yake shi ne kwano: namu hatsi da rogo da ganye, na can mai da abincin kanti. A 2012 wani masani mai suna Herman Pontzer ya yi irin wannan awo a kan mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yini suna yawo a daji. Su ma abin da jikinsu yake ƙonawa a yini bai yi wa na mazauna biranen Turai da Amurka nisa ba in an daidaita girman jiki. Masana suna ta muhawara a kan iyakar wannan, amma darasin ya tsaya: jiki yana da wayo, in ka ƙara masa aiki yakan rage kashewa ta wani wajen, ya kuma ƙara maka yunwa.

Bari in kawo lissafin kusa. Ana auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da wani ma'auni da ake kira kalori. Giram ɗaya na sukari ko garin hatsi kalori 4 ne, giram ɗaya na mai kalori 9. Cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kalori 120. Robar lemo mai rabin lita, irin wanda ba a rage wa sukari ba, tana ɗauke da sukari wajen giram 50, wato kalori 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum zai sha a yini duka kada ya wuce kusan wannan adadin, in ya tsaya a rabinsa ma ya fi. Tafiyar awa ɗaya da sauri kuma tana ƙona tsakanin kalori 200 zuwa 300 ga mai matsakaicin jiki. Ka gane? Abin da ka yi awa guda kana zufa ka fitar, cikin minti biyu za ka mayar da shi da roba ɗaya. Kilo ɗaya na kitse kuwa ya haura kalori 7,000.

Ni kaina nan na faɗa. Da na dawo daga asibiti na sayi takalmin gudu, kullum bayan asuba in yi gudu, in dawo in yi kwanta-tashi 50 wai don tumbi ya narke. Daga nan sai teburin mai shayi: burodi, ƙwai uku, shayi da madara da sukari cokali huɗu, ai na yi aiki na cancanta. Da rana shinkafa da lemo mai sanyi. Bayan wata guda na hau sikeli, allura tana nan inda na bar ta. Kuma kwanta-tashi ba ya cire kitsen ciki. Yana ƙarfafa naman da ke ƙarƙashin kitsen ne kawai, jiki shi yake zaɓar inda zai ɗebi kitse, ba kai ba.

To sai wani ya ce, ashe motsa jiki ɓata lokaci ne? A'a, ko kusa. Nan ne rabin labarin na biyu, wato buhun Kawu.

A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan manyan motocin bas masu hawa biyu. Direba yana zaune yini guda, kwandasta yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Gari ɗaya, kamfani ɗaya, rayuwa kusan iri ɗaya. Sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi kashe su. Daga wannan binciken likitocin zamani suka fara ɗaukar motsi a matsayin magani. A 1986 kuma a garin Da Qing na ƙasar China aka ɗauki mutum 577 da sukarinsu yake bakin iyaka, irin nawa ke nan. Aka raba su: wasu gyaran abinci, wasu motsa jiki, wasu duka biyun, wasu aka bar su da shawara kawai. Bayan shekara 6, haɗarin kamuwa da ciwon sukari ya ragu da kashi 31 cikin 100 ga masu gyaran abinci, kashi 46 ga masu motsa jiki, kashi 42 ga masu haɗa biyun. Motsi yana gyara zuciya da jini da sukari ko da sikeli bai motsa ba. Kuma shi ne yake taimaka wa wanda ya rage nauyi kada ya dawo.

Abin da ya burge ni shi ne, nau'o'in motsa jikin da likitoci suke faɗa yau, su ne wahalhalu ukun nan na kakanninmu.

Tafiyar fatake ita ce ta zuciya da huhu: tafiya da sauri, gudu a hankali, keke. Tana sauke hawan jini, tana ƙara juriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 zuwa 300 a mako, wato ko minti 30 sau biyar ya kai ƙaramin ma'auni. Ba sai ka bi dajin Gundumi ba, kuma da halin da ake ciki ma ba na ba kowa shawarar gudun asuba a bayan gari. Zagaya cikin unguwa, je kasuwa da ƙafa, ajiye mashin in tafiyar ba ta da nisa.

Aikin gona da daka shi ne na tsoka da ƙashi. Wannan shi ne abin da Kawu yake da shi ni ba ni da shi. Mutum in ya rage ci ba ya aikin ƙarfi, ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da nama, ya rame ya kuma yi laushi. Hukumar ta ce aƙalla kwana biyu a mako a ba manyan tsokoki aiki. Ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Jarka biyu ta ruwa, tsugunna-tashi, tura ƙasa da hannu, sun isa farawa. Kuma 'yan uwa mata, wannan naku ne ma, har ya fi zama dole, don ƙashin mace yana saurin yin rauni bayan ta manyanta.

Dambe da kokawa su ne na zafi-zafi: ƙwallo, tsere na ɗan gajeren zango, tsallen igiya. Suna ɗaga ƙarfin numfashi cikin ɗan lokaci. Amma ku tuna, da kaka ake yinsu, kuma wanda ya sha noman damina ne yake shiga fage. Mai kilo 96 da hawan jini ba da wannan zai fara ba. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya fara ganin likita, kuma kada ya ajiye maganinsa don ya fara tafiya.

Ni abin da na yi a zagaye na biyu ba wani abin mamaki ba ne. Na bar lemo sai ranar biki. Na koma fura da nono, ba sukari. Kuma ko ita furar na rage, don furar da manomi ke sha kafin ya koma kunya ta fi ƙarfin mai zaman ofis. Matsalarmu ke nan da yawa, kwanon manomi muke ci, zaman mai shago muke yi. Na raba tuwo biyu na ƙara miyar ganye da wake, na hana a kwarara mini mai, na daina Indomie ta ƙarfe 11 na dare. Malamai ma sun daɗe suna karantar da mu a raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, mu ne dai muke ji a wa'azi mu manta a gaban tire. Na ci gaba da tafiya bayan asuba, na ƙara da jarkoki. Cikin wata biyar kilo 8 ya sauka, jini ya daidaita. Ga wani awo da ba ya buƙatar sikeli: ɗauki zare, auna tsawonka, ninka shi biyu, ka zagaya shi a cikinka daidai wajen cibiya. In bai haɗu ba, akwai aiki a gabanka.

Kafin in rufe, akwai maganar da in ban faɗa ba na ci amanar garinmu. Ina nan ina ba ku labarin rage tumbi, alhali a watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya sun auna yara sama da 97,000 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka samu kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Fiye da yaro ɗaya cikin huɗu. Yunwar da kakata take tsoro ba ta zama tarihi ba, tana maƙwabtaka da tumbina. Kuma abubuwan biyu suna da alaƙa. A ƙasar Holan an yi yunwa mai tsanani a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, 1944 zuwa 1945. Da aka bi yaran da suke ciki a lokacin har suka girma, an ga ƙiba da matsalar sukari da ciwon zuciya sun fi yawa a cikinsu. Jikin da ya fara rayuwa da yunwa yakan koyi ɓoyo, in ya girma ya tarar da sukari da mai masu araha sai abin ya zame masa cuta. Yaran da ake aunawa yau a Zurmi, nan da shekara 30 su ne za su zauna a teburin mai shayi.

Shi ya sa nake jin zafi in na ga ƙannenmu mata suna sayen ƙwayoyin da ake ce wa "sha ka fashe" don su yi jiki kafin biki. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan magungunan asibiti ne masu ƙarfi, suna kumbura fuska, su tayar da sukari da hawan jini, su raunana ƙashi. A gefe guda kuma ga masu tallan shayin rage tumbi a Facebook da TikTok, wanda yawancinsa gudawa kawai yake sawa, ruwa ya fita, kitse yana nan. Ɗaya tana biyan kuɗi ta kumbura, ɗaya tana biya ta tsotse, babu wadda ta sayi lafiya a cikinsu.

Watan jiya na sake leƙawa gida. Kakata ta dube ni sama da ƙasa, ta kama haɓa ta ce, "Maigida, wa ya taɓa min kai? Ko kishiyata ba ta ba ka abinci?" Na yi mata bayani iya iyawata, ba ta gamsu ba, ta sa aka dama mini fura cike da ƙwarya. Na sha rabi. Da yamma aka kawo buhun masara, na ce wa Kawu ya bar mini. Na kai shi har ɗaki, ina haki amma ban dire ba. Ya dube ni ya ce, "To, ɗana, an fara zama mutane."

In kana da tsoho ko tsohuwa a gida, ka zauna da su makon nan ka tambaye su me suke ci da damina suna yara, kuma ina ne wuri mafi nisa da suka taɓa zuwa a ƙasa. Za ka ji abin da ya fi wanda na faɗa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya, ya ciyar da waɗanda ba su da shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.